Ciwon Baya da Ba Ya Jin Magani: Darasi a Kan Sankarar Ɓargo a Jikin Matasa



Bari in fara da labarin wani magidanci da aka kawo mana kwance a kan katifa a bayan mota. Shekarunsa 36, manomin auduga ne, yana da mata da 'ya'ya huɗu. Ciwon ya soma masa ne a tsakiyar baya tun lokacin shuka, ya ce gajiyar noma ce. Ya riƙa sayen ƙwayar diklofenak a kasuwa yana sha safe da yamma har wata bakwai. An yi masa ƙaho, an yi tsaga, an ba shi saiwoyi na maganin sanyi. Wata rana yana ɗaga buhun masara sai ya ji kamar wani abu ya ɓalle a bayansa. Washegari ƙafafunsa suka yi nauyi. Iyalinsa suka ce a jira ranar kasuwa a sami mota mai araha. Sai a rana ta tara aka iso da shi. A lokacin ƙafafun ba sa motsi, ba ya iya riƙe fitsari, ƙodarsa kuma ta raunana.

Muka tura shi babban asibiti, gwaji ya nuna sankarar ɓargo ce. Magani ya danne ciwon, zafin ya ragu, ƙodar ta ɗan farfaɗo. Amma bai ƙara taka ƙasa da ƙafarsa ba. Yayansa ya tambaye ni: "Malama, ai wannan yaro ne. Me ya haɗa shi da ciwon daji?"

Wannan darasi amsar tambayar nan ce. Ciwon bai cika kama matasa ba, shi ya sa idan ya kama su ba a saurin tuna shi. A cikin jiran nan ne ake yin hasarar abu biyu da suke da wuyar dawowa, wato ƙoda da ƙafafu.

1. Mece ce sankarar ɓargo?

Duk wanda ya taɓa fasa ƙashin rago ya san ɓargo. A cikin ɓargo ne jiki yake ƙera jini: jajayen ƙwayoyi masu kai iska ga gaɓoɓi, fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta, da ƙananan ƙwayoyin da suke sa jini ya daskare idan an ji rauni. A jikin babba, yawancin wannan aiki ana yinsa ne a ƙashin baya, haƙarƙari, ƙashin ƙirji, ƙugu da ƙoƙon kai.

Cikin fararen ƙwayoyin akwai wasu da ake kira ƙwayoyin filasma. Aikinsu shi ne ƙera wani furotin da yake kama ƙwayoyin cuta, shi ne garkuwar jiki. A jikin mai lafiya ba su da yawa, ba sa kai 5 cikin 100 na ƙwayoyin ɓargo. Wani lokaci guda ɗaya daga cikinsu takan lalace, ta dinga hayayyafa ba tsayawa. 'Ya'yanta su cika ɓargo kamar yadda wuta-wuta take cika gonar dawa ta hana amfani tashi. Dukansu kuma furotin iri ɗaya suke zubowa cikin jini, mai yawa, marar amfani, wanda ba ya kare jiki daga komai.

Wannan shi ne ciwon da likitoci suke kira miyeloma. A takardar asibiti za ku ga an rubuta da Faransanci myélome multiple, ko kuma maladie de Kahler, da sunan Otto Kahler, likitan da ya yi cikakken bayaninsa a birnin Prag a 1889. Ya bambanta da sankarar jini. A shekarar 2020 an ƙiyasta mutum wajen 176,000 ne aka gano suna da shi a duniya.

Ba a san abin da yake sa ƙwayar farko ta lalace a jikin wane ko wance ba, amma an san abubuwan da suke ƙara haɗarin: tsufa, kasancewa baƙar fata, ƙiba, ciwon ƙanjamau, da samun mai ciwon a cikin iyaye ko 'yan'uwa na jini. Ya ɗan fi kama maza. An kuma lura ya fi yawa a cikin manoman da suka daɗe suna aiki da maganin feshi. Don haka mai feshin auduga ya rufe hanci da baki da hannuwa, ya yi wanka da sabulu bayan ya gama. Ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ana iya cin abinci a kwano ɗaya da mai shi, a kwana ɗaki ɗaya. Ba sammu ba ne, ba kuma hukuncin wani zunubi ba ne.

2. Ashe ba ciwon tsofaffi ba ne?

Gaskiya ne ya fi kama tsofaffi. A Turai da Amurka yawancin masu shi sun haura shekara 65. A asibitin Mayo da ke Amurka an ƙidaya masu wannan ciwo 3,278 da aka duba tsakanin 1956 da 1992. Mutum 72 ne kawai ba su kai shekara 40 ba, wato kimanin 2 cikin 100. Waɗanda ba su kai 30 ba su 10 ne. Saboda haka kada duk saurayin da bayansa ya yi ciwo ya tsorata. Mafi yawan ciwon baya na noma ne, da ɗaukar kaya, da daɗewa a kan babur, kuma yakan lafa cikin makonni kaɗan.

Duk da haka akwai dalilan da suka sa mu a nan ya kamata mu buɗe ido. Matar da aka fara rubuta cikakken labarin wannan ciwo a kanta, Sarah Newbury, shekarunta 39 ne. Likita Samuel Solly ne ya rubuta shi a Landan a 1844, ya faɗi irin gajiyarta da yadda ƙasusuwanta suka riƙa karyewa. A Amurka, ciwon yana kama baƙar fata ninki biyu a kan farar fata, kuma yana zo musu da wuri da 'yan shekaru. A Gana, wani bincike da aka buga a 2007 ya gwada jinin maza 917 na birnin Akkara masu shekara 50 zuwa 74, aka sami kusan 6 cikin 100 suna ɗauke da ɗan wannan furotin marar amfani ba tare da suna jin ciwo ba. Wannan ya ninka abin da aka samu a fararen fata na Amurka. Ɗaukar furotin kaɗai ba sankara ba ce, amma a kowace shekara wajen mutum 1 cikin 100 na masu ɗauke da shi yakan juye masa ya zama ciwo. A asibitocin Afirka kuwa, waɗanda ake ganowa sun fi yawa a shekarun hamsin da wani abu, ana kuma samun 'yan talatin da 'yan arba'in a cikinsu.

3. Alamomin ciwon

Alamomin da matashi yake nunawa su ne dai waɗanda tsoho yake nunawa. Guda biyar ne manya.

Ciwon ƙashi. Ƙashi abu ne mai rai. Kullum jiki yana kankare tsohon ƙashi yana yaɓa sabo, kamar yadda ake gyaran katangar ƙasa bayan damina. Ƙwayoyin sankarar suna zuga masu kankarewa, su hana masu yaɓe aiki. Sai ƙashi ya yi ramuka ta ciki kamar itacen da gara ta ci. Wajen mutum 6 cikin 10 suna zuwa da ciwon ƙashi, galibi a baya ko haƙarƙari, kuma kusan 8 cikin 10 hoto yakan nuna ɓarna a ƙashinsu. Ciwon yana ƙaruwa da motsi, da tari, da juyi a kan gado, kuma mako bayan mako gaba yake yi. Ƙashi yakan karye a kan abin da bai kai ya karya shi ba, kamar ɗaga tulu ko tari mai ƙarfi. Wani ma tsawonsa yakan ragu don gaɓoɓin bayansa sun lotse.

Ƙarancin jini. Da yake ɓargo ya cika da ƙwayoyin banza, jajayen ƙwayoyi sai su yi kaɗan. Wajen 7 cikin 10 suna da wannan tun ranar da aka gano ciwon. Mutum ya dinga gajiya, yana haki a ɗan gajeren tafiya, tafin hannu da cikin fatar ido su yi fari. Maganin ƙarin jini da ganye da hanta ba sa gyara shi.

Ciwon ƙoda. Ƙoda matata ce, tana tace jini ta fitar da datti cikin fitsari. Gutsattsarin furotin ɗin nan sukan bi jini su toshe ƙananan hanyoyinta. Wajen 2 cikin 10 suna isowa ƙodarsu ta riga ta taɓu sosai. Fitsari yakan yi kumfa, ko ya ragu, ƙafafu su kumbura, tashin zuciya ya zo. Sau da yawa kuma ƙoda tana lalacewa shiru, sai gwajin jini ya nuna.

Yawan kalsiyam a jini. Kalsiyam shi ne sinadarin da yake ƙarfafa ƙashi. Idan ƙashi yana narkewa sai ya malalo cikin jini. Mutum ya kama ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, taurin bayan gida, amai, barci-barci da ruɗewa. Wannan ruɗewa ce wasu suke ɗauka iskoki ne, alhali ruwan jijiya da allura suna iya dawo da hankalin mutum cikin kwanaki.

Yawan kamuwa da cuta. Garkuwar kirki ta ragu, don haka ciwon huhu, ciwon mafitsara da zazzaɓi sukan yi ta dawowa. Wasu sukan fito da ƙuraje masu raɗaɗi da suke bin gefe ɗaya na jiki kamar ɗamara, waɗanda ake kira zona a asibiti.

4. Cututtukan da yake ɓuya a bayansu

A ƙasarmu kowace alama a cikin waɗannan tana da wani sanannen dalili. Ƙarancin jini, a ce zazzaɓin sauro ne ko tsutsar ciki ko tsargiya, musamman ga mazauna bakin Binuwai da tafkin Lagdo. Ciwon ƙashi, a ce sikila ce ko sanyi. Yawan rashin lafiya da rama, a ce ƙanjamau ne. Sau da yawa ma haka ɗin ne, kuma daidai ne a fara neman waɗannan.

Ga yadda za a bambanta. Mai sikila ya san ciwonsa tun yana yaro, yana tasowa ya lafa. Wanda bai taɓa irin wannan ciwo ba sai da ya kai talatin, da wuya a ce sikila ce. Zazzaɓin sauro da tsutsa idan an yi maganinsu jini yakan dawo cikin wata ɗaya ko biyu. Idan bai dawo ba, a koma a faɗa wa likita.

Wanda ya fi kama da shi duka shi ne tarin tibi na ƙashin baya. Shi ma yana cin gaɓoɓin baya, yana iya shanye ƙafafu, kuma ya fi sankarar ɓargo yawa a matasanmu nesa ba kusa ba. Bambancin yana da muhimmanci, domin tibi yana warkewa sarai da magani. Amma wanda aka ɗora a kan maganin tibi na ƙashi, ya sha wata biyu ko uku babu sauƙi, jini kuma yana ƙara raguwa, to ya koma a sake dubawa. Kada ya daina maganin da kansa.

5. Yaushe za a je asibiti?

A je cikin makon nan idan:
- ciwon baya ko haƙarƙari ya wuce mako 4 zuwa 6 yana ƙaruwa, ko yana hana barci;
- ciwon ƙashi ya haɗu da gajiya, fari-farin ido ko rama;
- ƙashi ya karye ba tare da faɗuwa mai ƙarfi ba;
- fitsari yana kumfa kullum.

A tafi yau, ko da dare ne, idan:
- ƙafafu sun yi nauyi, sun mutu, ko ana jin kamar tafiyar kiyashi a cikinsu;
- fitsari ko bayan gida ya ƙi fita, ko yana zuba ba da sani ba;
- fitsari ya ragu ƙwarai;
- mutum ya ruɗe ko barci ya rinjaye shi;
- zazzaɓi ya kama wanda aka riga aka san yana da ciwon.

Dalilin gaggawar nan shi ne laka, wadda take bi ta cikin ƙashin baya tana kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafafu. Idan gaɓar baya ta lotse ko ƙari ya danne lakar, kwana ɗaya ko biyu sun isa ta mutu. Wanda aka soma wa magani yana iya takawa, galibi yakan ci gaba da takawa. Wanda ya kwana da yawa a shanye, da wuya ya tashi. Kada a kai irin wannan wurin maɗori, kada a murza bayan ko a taka shi. Kada a ɗora shi a babur. A kwantar da shi a miƙe a kan ƙofa ko faffaɗan katako, mutum huɗu su ɗaga tare.

6. Gwaje-gwajen da za a yi

Na farko masu sauƙi ne, asibitoci da yawa suna yinsu. Ku san sunayensu yadda ake rubuta su a takarda. NFS yana ƙidaya ƙwayoyin jini. VS yana auna saurin kwanciyar jini a cikin kwalba, a wannan ciwo yakan haura 100 a awa ɗaya, ko da yake a wasu ba ya hawa. Créatinine yana nuna lafiyar ƙoda, calcémie kuma yawan kalsiyam. Hoton ƙashi yakan nuna ramuka zagayayyu, musamman a ƙoƙon kai.

Idan waɗannan sun sa shakka, sai a nemi furotin ɗin kansa a jini, da gwajin électrophorèse des protéines. A kula: gwajin sikila ma sunansa électrophorèse, amma na hémoglobine ne. Wasu sukan ce ai an taɓa yi musu, alhali wancan daban ne. Ana kuma neman gutsattsarin furotin a fitsari. Ana kiransu furotin Bence Jones, da sunan likitan Landan da ya yi nazarinsu a wajajen 1847. Ɗan tsinken takardar da muke tsomawa a fitsari a ƙananan asibitoci ba ya kama su sosai, don haka fitowarsa lafiya ba ta wanke mutum ba.

Gwajin da yake yanke hukunci shi ne myélogramme. Ana kashe wurin da allura, a zuƙo ɗan ɓargo daga ƙashin ƙugu ko na ƙirji, a duba da madubin likita. Idan ƙwayoyin filasma marasa kyau sun kai 10 cikin 100 ko fiye, ga kuma alamomin da muka faɗa, to ciwon ya tabbata. Abin da ake ɗiba kaɗan ne, jiki yana mayar da shi. Ba ya rage ƙarfin namiji, ba ya hana haihuwa.

Ba kowane asibiti ne yake yin waɗannan na ƙarshe ba. A Garwa akwai babban asibitin yanki da reshen Centre Pasteur, a Ngaundere akwai asibitin yanki da Asibitin Furotesta na ikkilisiyar Lutheran. Likitan da ya duba ka shi zai faɗa inda za a kai jinin, ko ya tura ka wurin likitan jini a Yawunde ko Duwala. Daga Garwa zuwa Ngaundere wajen kilomita 280 ne a mota, daga nan jirgin ƙasa yana kwana a hanya zuwa Yawunde. A tafi da takardar turawa da dukan sakamakon gwaji da hotuna a cikin leda ɗaya, don kada a sake biyan kuɗin abin da aka riga aka yi.

7. Magani

Zan faɗi gaskiya kamar yadda nake faɗa wa majinyata. Har yanzu ga yawancin mutane ba a tumɓuke wannan ciwo daga saiwa. Ana danne shi ne ya kwanta, wani lokaci shekaru da yawa. Idan ya taso a sake danne shi da wani magani. Duk wanda ya ce yana da ruwa ko gari da zai warkar da shi cikin mako biyu, kuɗinku yake so.

Tun 1969 ake haɗa ƙwayar melfalan da firedinizon. Daga 1999 aka gano talidomid yana aiki a kan ciwon, aka sami bortezomib a 2003, lenalidomid a 2006, daratumumab a 2015. Yanzu akan haɗa magani biyu ko uku tare da deksametazon, a ba da su zagaye-zagaye, ana gwada jini a tsakani. Akwai kuma allurar ƙarfafa ƙashi, asid zoledironik, wadda ake sa wa ta jijiya. Kafin a soma ta a duba haƙora, a kuma auna ƙoda. Inda ƙari ya danne laka ko ƙashi ɗaya ya matsa da ciwo, ana gasa wurin da hasken na'ura, ana yin wannan a Babban Asibitin Duwala.

Akwai wani magani mai ƙarfi da matasa suka fi dacewa da shi. Ana ɗibar iri na ɓargon mutum a adana, a ba shi magani mai yawa da zai share ɓargon, sannan a mayar masa da irinsa ya sake tsiro. Wani bincike na Faransa da aka buga a 1996 ya nuna wannan hanya tana tsawaita kwana fiye da maganin da aka saba. Ana yinta a ƙasashe kamar Faransa, Indiya, Tunisiya da Afirka ta Kudu, kuɗinta kuwa ya fi ƙarfin yawancinmu. Amma matashi ya tambayi likitansa tun farko, domin daɗewa ana shan melfalan yana ɓata irin ɓargon da za a ɗiba.

Gargaɗi na musamman ga matasa. Talidomid da lenalidomid suna nakasa ɗan da ke ciki, a haife shi ba hannu ko ba ƙafa. Ko ƙwaya ɗaya tana iya yin haka. Mace mai shan su dole ta tabbata ba ta da ciki, ta kuma bi hanyar hana ɗaukar ciki da likita ya tsara, kafin ta fara, lokacin sha, da bayan ta gama. Namiji mai shan su ya yi amfani da kororon roba. A kulle maganin, kada a ba kowa ko da ciwonsu ya yi kama. Wasu magungunan kuma suna rage haihuwa, don haka mata da miji su zauna da likita tare kafin a fara. Talidomid yana iya sa jini ya dunƙule a jijiya: idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, a garzaya asibiti. Idan yatsu sun fara mutuwa a faɗa da wuri a rage maganin. Deksametazon yana ɗaga sukari, kuma ba a yanke shi ko ƙara shi da ka.

8. Yaya makomar matashi?

Kafin a sami magani, yawancin masu ciwon ba sa cika shekara. Da melfalan aka kai wajen shekara 3. Yau a Amurka kusan 6 cikin 10 suna haura shekara 5 bayan an gano ciwon. Matasa sun fi tsofaffi samun wannan rabo, da yawa a cikinsu suna wuce shekara 10, domin zuciyarsu da huhunsu da hantarsu suna da ƙarfin ɗaukar magani, kuma ba su cika haɗa shi da wasu cututtuka ba.

A wurinmu kwanakin ba su kai haka ba, dalilan kuwa sanannu ne: zuwa a makare bayan ƙoda ta lalace, yanke magani idan kuɗi ya ƙare ko an ji sauƙi, da zazzaɓin da aka bari ya kwana a gida. Biyu daga cikin ukun nan suna hannunmu. Ƙodar da aka tara da wuri, aka ba ta ruwa, aka danne furotin, sau da yawa tana farfaɗowa.

Na san wata tela mai shekara 38 da ta zo don gajiya da ciwon haƙarƙari na wata biyu. An yi mata maganin zazzaɓi da na tsutsa, jini bai hau ba, ta dawo kamar yadda aka ce mata. Aka tura ta gaba, aka gano ciwon ƙodarta tana lafiya. Danginta da zumuntar mata suka haɗa kuɗi, ta bi maganinta ba fashi. Tana nan a kan kekenta tana ɗinki, tana zuwa awo a kan lokaci. Ciwonta da na magidancin nan iri ɗaya ne, ranar zuwansu ce ta bambanta.

9. Kula da kai a gida

- Sha ruwa mai tsabta wajen lita 3 a rana, sai fa in likita ya ce a rage saboda ƙoda ko zuciya. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa take haura digiri 40, a ƙara kula. Gudawa da amai suna busar da jiki, a je asibiti da wuri.
- Kada a sha diklofenak, ibufurofen, indosid da ire-irensu. Suna rage jinin da yake zuwa ƙoda, ga mai wannan ciwo suna iya kashe ta. Haɗe-haɗen ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda a kasuwa galibi da su a ciki.
- Farasitamol ya fi aminci. Idan bai isa ba, likita yana da masu ƙarfi har da mofin. Shan mofin bisa umarnin likita don ciwo mai tsanani ba shaye-shaye ba ne. Kada a sayi tiramol a bakin titi.
- A guji saiwoyi da jiƙo da ba a san abin da ke ciki ba, ƙoda ce take ɗaukar nauyinsu.
- Kafin a yi hoton da ake sa wa ruwa a jijiya, ko a rubuta maka sabon magani, ka faɗa cewa kana da wannan ciwo.
- A riƙa ɗan tattaki kullum, kwanciya tana ƙara narkar da ƙashi. Amma ban da ɗaukar buhu, jarka ko itace a ka.
- A kwana cikin gidan sauro, a wanke hannu, a nisanci mai tari.
- Kafin azumi, na Ramadan ne ko na kafin Ista, a nemi shawarar likita. Hana jiki ruwa yini guda yana da haɗari ga wannan ƙoda.

10. Aikin iyali da ikkilisiya

Idan ciwon ya kama ɗan shekara 35, ya kama wanda yake ciyar da gida ne, ko uwar ƙananan yara. Gona tana jira, kuɗin makaranta yana jira. Shi ya sa matashi yake daurewa yana shan ƙwaya yana komawa aiki. Sau da yawa matarsa ko mahaifiyarsa ce take fara lura ya rame, ya yi fari, yana dafa bango in zai tashi. Wanda ya lura ya yi magana, ya kuma raka shi.

A cikin Bisharar Markus sura 2 an ba da labarin shanyayyen da mutum huɗu suka ɗauko, suka buɗe rufin ɗaki don su kai shi gaban Yesu. Ba su tsaya jiran taro ya watse ba. Ikkilisiya tana iya yin irin aikinsu: a tanadi asusun gaggawa na kuɗin mota, a san lambar direban da zai tashi da dare, a yi gayya a gonar majinyaci, masu lafiya su ba da jini idan an buƙata. Kafin a sayar da shanu ko gona, iyali su tambayi likita kuɗin maganin gaba ɗaya da tsawon lokacinsa, su zaɓi tsarin da za su iya kaiwa ƙarshe. Maƙwabcinmu Musulmi ko mai bin al'ada, haƙƙinsa a kanmu ɗaya ne. Mu yi addu'a tare da majinyaci, mu kuma tuna masa ranar komawa asibiti. Idan ciwo ya kai inda magani ba ya danne shi, har yanzu akwai aikin yi: a kashe masa zafi, a riƙa juya shi duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, a zauna kusa da shi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne alamomi biyar ne na sankarar ɓargo?
2. Me ya bambanta ciwon bayan gajiya da wanda ya kamata a kai asibiti?
3. Me ya sa diklofenak yake da haɗari ga mai wannan ciwo?
4. Idan ƙafafun wani sun yi nauyi yau da dare a ƙauyenmu, wa za a kira, da wace mota za a tafi, ina kuɗin zai fito?
5. Me mata da miji ya kamata su sani kafin a fara talidomid?

Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa masu jinyarsu. Amin.